Huji na Goma Sha Takwas

Man gyaɗa ne ya fitar da Tayyiba daga gida ranar nan, ba aiki ba. Surukarta, Inna Talatu, tana azumin Alhamis, kuma sai da la'asar ta yi sakaliya aka tuna babu man da za a soya mata ƙosan buɗa-baki. Babu wanda za a aika, don maigidan, Yusha'u, yana Kaduna wajen wani kwas. Inna ta ce a bar ƙosan, dabino da ruwa sun ishe ta. Ta ƙara da cewa mace mai ciki wata takwas ba ta fita da almuru, wannan kowa ya sani. Tayyiba ta ce yanzu za ta dawo, ta zari mayafi, ko wayarta da ke caji ba ta ɗauka ba. Irin mutanen nan ce da in ka ce musu kada su yi abu, kamar tura su ka yi.

Ga shi kuma cikin ba na wasa ba ne. Shekara tara da aure, ɓari biyu, sai a wannan karon abin ya zauna. Duk gidan lallaɓa shi ake yi, ita kanta in ta ji motsi takan tsaya cak ta saurara, ko da a tsakiyar titi ne.

Ta sayi man a bakin kasuwar Tudun Wada, ta biyo ta lungun da ya fi kusa, wanda ya ratsa ta ƙofar wurin aikinta. Wani tsohon sito ne da Alhaji Kailani ya mayar masana'anta. Daga Legas ake kawo masa manyan naɗi na foyil, takardar alminiyam ɗin nan mai ƙyalli da ake naɗe nama da ita, kowanne sai ƙarti huɗu sun ɗauka. Ma'aikata bandir suke kiransu, kamar na yadi. Inji ya yanka su, ya sake naɗe su ƙanana, a sayar wa masu suya da masu kek da masu abincin biki. Amma kafin bandir ya hau inji sai ya bi ta hannun Tayyiba. Ita ke duba yamutsewa da karce da tabon mai da farin tabon da danshi ke bari, uwa-uba huji, wanda wani ko tsinin allura ya fi shi girma. In ta gamsu ta buga koren hatimi, in ba ta gamsu ba ta buga ja. Shekara shida tana wannan aiki, ba ta taɓa buga kore a kan abin da ta san yana da aibi ba. Akwai ranar da Alhaji da kansa ya roƙe ta, ta miƙa masa hatimin ta ce ya buga da hannunsa. Bai buga ba.

Maigadin, Baba Nagoda, yana bakin ƙofa yana alwala. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi Inna.

"Ai bayan tashinku aka kawo bandir ɗin nan na Dutsen Abba," in ji shi. "Wanda aka manta a shagon da Alhaji ya rufe shekara uku. Ya ce gobe da sassafe a ɗora shi a inji, masu jira sun yi yawa."

"Ba a duba ba?"

"Ya ce na da ne, mai kyau ne."

"Shekara uku a rufe, damina uku, ya ce mai kyau ne? Yana ina, Baba?"

"Sun sa shi a ɗakinki. Amma 'yata, ki bari sai gobe. Kin ga yanzu za a kira salla." Ya yarfe ruwa daga gemunsa. "Kuma masu dakon da suka sauke shi sun ce da ɗumi suka ji shi. Kamar wurin da mutum ya tashi daga kwance."

"Rana ce ta buge shi a mota. Minti goma kawai, Baba, in ga bakinsa."

Tsohon ya girgiza kai, ya buɗe mata, ya nufi masallaci.

Ɗakin da take aiki ɗakin duhu ake ce masa, kuma ya ci sunansa. Ba shi da taga. Bangonsa baƙin fenti ne, ƙofarsa ta ƙarfe ce, da baƙin labule mai kauri a bayanta. A tsakiya akwai teburi mai saman gilashi da fitila a ƙarƙashi. Ana ɗora bandir a sandar ƙarfe ta hannun hagu, a jawo foyil ɗin ya shimfiɗu a kan gilashin ya rufe shi ruf, a naɗe shi a sandar dama da wani mariƙi da ake juyawa da hannu. In babu huji, duhu ne kawai. In akwai, haske zai tsirgo ta ciki, ɗan ɗigo. Iska kuwa ta wuri uku take shiga ɗakin: ta 'yar fankar da ke saman bango, ta ƙarƙashin ƙofa, sai ta kafar makulli. Tayyiba ta san su sarai, don ta sha faɗa a kan a ƙara mata fanka.

Ta ajiye kwalbar man a ƙasa, ta tura ƙofa, ta ja labule. Ta kunna fitilar teburi, ta ga masu dako sun riga sun ɗora bandir ɗin a sandar hagu, ta jawo bakin foyil ɗin. Da ɗumi kuwa. Ta taɓe baki.

Tana da wata al'ada da ita ta ƙirƙiro wa kanta. Sauran masu dubawa da alƙalami suke zagaye huji. Ita baƙin salatif na masu gyaran wuta take yankawa ƙanana, ta manna a kan hujin, don kada ta ƙirga shi sau biyu. Tana alfahari da wannan dabara, har koya wa mutane take yi.

Ba ta juya mariƙin sau uku ba ta hango na farko. Biyu ne ma, dab da juna, ƙanana ƙwarai, irin waɗanda sai mai ido irin nata. Daɗi ya kama ta. Ta ce a ranta, ga na da mai kyau ɗin nan, Alhaji. Ta manna salatif a kan kowanne, ta danna da babban yatsa, ta juya mariƙi suka shige cikin naɗin dama.

Wasu biyu suka fito, sun fi na farko girma. Ta toshe. Wasu biyu kuma. Ta toshe.

Sai a wajen na goma ta fara jin abin bai kwanta mata ba. Hujin da tsakuwa ko datti ke yi a injin matsa ƙarfe warwatse yake zuwa, ko kuma ya riƙa maimaituwa a tazara ɗaya. Waɗannan biyu-biyu suke zuwa, kowane biyu da girmansu da tazararsu. Ta shafa da yatsa. Bakinsu ya turo waje, kamar daga ciki aka huda su. Kuma gefensu da laima.

Ta ɗora yatsa a kan ɗaya. Wata 'yar iska mai ɗumi ta taɓa ta, ta ɗauke, ta sake taɓa ta.

Fanka ce, in ji ta. Hannunta kuwa ya riga tunaninta, ya saba. Ya yanka, ya manna, ya danna. Sha biyar, sha shida. Daga masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya. Sha bakwai. Sha takwas.

Fankar ta tsaya.

Ta ɗauka wuta aka ɗauke, amma ga ɗan siririn haske yana leƙowa ta gefen gilashin, fitilar teburi tana ci. Sai kuma ta lura da abin da ya fi wannan. Kiran sallar ya yanke a tsakiya. Ba shiru ladan ya yi ba, yankewa ya yi kamar an sa tafin hannu an toshe mata kunne. Babu ƙarar babura, babu kukan injin niƙan maƙwabta, babu komai.

Ta lallaɓa ta je ƙofa, ta yaye labule, ta murɗa mariƙi. Ya murɗu. Ƙofar ba ta motsa ba.

Ta sake murɗawa, ta ja, ta tura da kafaɗa. Kamar bango take turawa.

"Baba," ta kira. "Baba Nagoda."

Muryarta ba ta je ko'ina ba. A gabanta ta faɗi.

Ta lalubi kafar makulli don ta leƙa. Yatsanta ya sami wani abu mai santsi a manne a wurin. Ta san shi, don yanzu ta gama yanka irinsa. Ta sa farce za ta ɓanɓare, babu bakin kamawa. Ta durƙusa da ƙyar, ciki ya tokare ta, ta shafa ƙarƙashin ƙofar. A liƙe yake daga wannan gefe zuwa wancan. Ba ta buƙaci hawa kujera ta taɓa fankar ba. Ta riga ta sani.

Tsoro ya shige ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofar. Cikin ya motsa, ya harba da ƙarfi, ya sake harbawa. Ta dafe shi da hannu biyu.

Iskar ɗakin ta fara nauyi. Wani wari ya taso, na rufaffen ɗaki da jiƙaƙƙiyar tabarma. Gumi ya karyo mata. Ta ja numfashi, ya tsaya a maƙogwaro, bai kai ƙirji ba.

Sai ta ji ƙarar foyil.

Ƙaras. Shiru. Ƙaras.

A ɗan hasken da ke gefen teburin ta ga bandir ɗin yana kumbura yana sacewa, a hankali, da wahala. Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu. Numfashinta bai kai ta ƙarshen layin farko ba. Ta sake farawa, ya sake yankewa.

Daga cikin bututun kwalin da ke tsakiyar bandir ɗin wata murya ta fito, ta mace, a shaƙe, ƙasa-ƙasa.

"Kin toshe mana."

Tayyiba ta ƙanƙame cikinta.

"Ba mu zo inda kike ba. Kawo mu aka yi. Shekara uku muna zaune, ba mu taɓa kowa ba."

"Ban sani ba," in ji Tayyiba, da abin da ya rage mata na murya. "Wallahi ban sani ba. Ku buɗe mini, ina da ciki."

"Mun ji shi. Yana shure-shure." Muryar ta tsaya, aka ji tana kokawa da numfashi. "Tawa 'yar ma haka ta yi ɗazu. Ita kika fara toshewa."

Ƙananan nan biyu, ashe hancin 'yar ne. Waɗanda ta yi murna da idonta ya kama.

"Buɗe mana, a buɗe miki."

Da rarrafe ta koma teburin. Ta kama ƙafarsa ta miƙe. Na ƙarshe da ta manna suna nan a kan gilashi, amma baƙin salatif ne a cikin duhu, sai da lalube. Ta shafa, ta samu, ta ɓanɓare. Ɗigon haske ya tsirgo, tare da wani dogon jan numfashi mai fito, kamar na wanda aka tsamo daga ruwa.

Ɗaya. Biyu.

Ta juya mariƙin baya. Ta shafa, ta ɓanɓare. Kowanne da irin numfashinsa, wani na tsoho mai tari, wani na ƙato. Uku, huɗu, biyar. Ita nata numfashin ƙara gajarta yake yi. Kanta ya fara sarawa. Wasu taurari da ba na huji ba suka fara yawo a idonta, har takan kai hannu inda babu komai.

Tara. Goma.

Cikin ya harba sau ɗaya, ba ƙarfi.

Sha biyu. Farcenta ya karye, ta ci gaba da na kusa da shi. Sha huɗu. Sha shida.

Saura biyu.

Ta fizgi mariƙin, ya kuɓuce mata. Foyil ɗin ya tattare, ya yamutse a daidai bakinsa. Ta shimfiɗa shi da tafin hannu, ta bi shi da yatsu goma. Ta sami ɗaya, ta cire.

Haske ya fito, ɗan mitsitsi. Numfashi bai biyo baya ba.

Ta nemi ɗayan. Ta san dab da wannan yake, ko faɗin ƙwayar shinkafa babu a tsakaninsu. Ta shafa dama, ta shafa hagu. Yamutsa kawai take ji.

"Ta daina motsi," in ji muryar.

Tayyiba ta dafa cikinta. Shiru.

Ta girgiza shi. Shiru.

Ta san wannan shirun. Sau biyu ta taɓa jinsa, kuma ta san abin da ke biyo bayansa. Hawaye suka zubo mata, amma babu iskar yin kuka.

"Nemo shi."

"Ba na gani."

"Ke ce mai idon."

Ta kai hannu wuyanta ta zare allurar da ta maƙale mayafinta da ita. Shekara shida tana farautar huji a wannan teburi, ba ta taɓa huda ko ɗaya da hannunta ba. Ta dafa foyil ɗin kusa da ɗan hasken, ta soka.

Haske na biyu ya fito.

Babu numfashi.

Ta jira. Babu.

Abin da ta taɓa ganin ungozoma ta yi wa wani jariri da ya zo bai yi kuka ba ne ya faɗo mata. Ta sunkuya, cikinta ya dannu da bakin teburi, ta ɗora leɓɓanta a kan hujin biyu. Ta tattaro ɗan abin da ya rage a ƙirjinta ta hura.

Ta sake hurawa.

A karo na uku, da ta buɗe baki za ta ja iska, wani abu ya biyo. Siriri ne, mai sanyi, kamar zaren ruwan randa. Ya bi ta harshenta, ya gangara maƙogwaro, ya wuce ƙirji, ya sauka ƙasa.

Cikin ya harba.

Ya sake harbawa.

A cikin bandir ɗin muryar ta dawo, ta daina shaƙewa, amma ta fi ɗazu ban tausayi.

"Can ta fi samun iska. Ki riƙe mini ita da kyau."

Fankar ta tashi. Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe da kanta, faɗin tafin hannu. Ƙarar babura da ƙamshin hayaƙin masu suya suka shigo tare.

Baba Nagoda ya dawo daga masallaci ya same ta a tsakar masana'antar, a durƙushe, ba mayafi, tana haɗiyar iska da baki. Ya ce raka'a uku kawai ya yi ya fito, ko nafila bai tsaya yi ba, don hankalinsa bai kwanta ba. Bai tambaye ta komai ba. Ya leƙa ɗakin duhun daga nesa, ya jawo ƙofar ba tare da ya rufe ta duka ba, ya tare mata Keke Napep ya raka ta har gida.

Ba ta sake taka ɗakin nan ba. Da safe ta kira Alhaji Kailani ta ce kada a yanka bandir ɗin, kada kuma a sayar wa masu narka shi su yi tukwane, a mayar da shi inda aka ɗauko. Alhaji ya fara faɗa, yana cewa ciki ne ke sa mata gane-gane. Sai Baba Nagoda ya ajiye masa makullai a kan teburi ya ce in bandir ɗin ya sake kwana a nan, a nemi wani maigadin. Kafin azahar an mayar da shi Dutsen Abba. Tsohon da kansa ya bi motar, ya tabbatar an bar tagar shagon a ɗan buɗe.

Bayan sati biyar Tayyiba ta haihu, mace, da rana tsaka, ba wata wahala. Yarinya jawur, mai gashi, ta cika ɗaki da kuka. A asibiti aka auna ta aka juya ta, aka ce lafiyarta ƙalau. Yusha'u ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya ce Lauratu za a sa mata. Inna Talatu kuwa har da 'yar rawarta a tsakar gida, tana cewa shekara tara ba kwana tara ba ne.

Kwana uku da haihuwa, da hantsi, masu barka suka ɗan tsagaita. Tayyiba ta kwantar da yarinyar a cinyarta a bakin taga, inda haske ya fi yawa, ta warware mata zani. Ta duba ta kamar yadda ta iya duba abu. Ta ƙirga yatsun hannu da na ƙafa. Ta duba bayan kunne, ta duba cibiya, ta bi fatar da yatsa a hankali. Babu tabo, babu komai. Wata irin ƙauna ta cika mata ƙirji har tana jin zafinta.

Sannan ta yi abin da ta kwana uku tana gudu. Ta sunkuya ta kara kunnenta a ɗan ƙirjin.

Numfashin yarinyar yana nan, gajere, mai sauri, irin na jarirai. A bayansa kuma akwai wani. Ya fi shi siranta, yana biye da shi kaɗan, in wannan ya shiga sai wancan ya biyo. Ta ɗago, ta sake karawa. Ba kuskure ta yi ba. Ba ta taɓa yin kuskure a irin wannan ba.

Yarinyar ta buɗe ido ta kama mata yatsa, ta riƙe gam.

Inna Talatu ta ɗaga labule ta shigo da kwanon kunun kanwa. Ta ga jaririya a warware a hasken taga, ta yi dariya.

"To, sarkin duba aibi, har ita ma ba ta tsira ba? Kin gama binciken? Me kika samu?"

Tayyiba ta ja zanin ta lulluɓe 'yarta, ta gyara shi yadda ba zai kusanci hancin ba. Ta rungume ta a ƙirji.

"Babu komai, Inna," ta ce. "Lafiyarta ƙalau."